Gem ɗinka na cijewa? Ka san ciwon kafin ka sayi magani

Yau mun ɗan ajiye hirar fim da waƙa, za mu taɓa abin da ke ci wa 'yan gem tuwo a ƙwarya. Mutum zai tara kuɗi da ƙyar, ya je a ƙara masa RAM, ya dawo gida ya kunna GTA V, ya tarar yana nan yana cijewa kamar jiya. Kuɗi sun tafi, matsala tana nan daram. Dalili kuwa, ya canza abin da lafiyarsa ƙalau ya bar mai ciwon.

Mu fara da abin da masu kallo suka sani. Fim hotuna ne 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, an riga an ɗauke su an ajiye. Shi kuwa gem, kwamfutarka ce ke zana kowane hoto nan take. Yawan waɗanda ta iya zanawa a daƙiƙa ɗaya shi ake kira FPS. In ka samu 30 za ka buga, 60 kuwa sumul, amma ƙasa da 20 sai ka ga ɗan wasanka na ɗingishi.

Abubuwa huɗu ne ke raba aikin nan: furosesa mai lissafi, katin hoto mai zane wato GPU, RAM mai riƙe abin da ake aiki da shi yanzu, sai faifan ajiya. Duk wanda ya fi rauni a cikinsu, shi ke jan sauran baya.

To ya za ka gane shi? Kunna gem ɗin ka buga kamar minti goma, sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Nan za ka ga kowannensu da nauyin da ya ɗauka. Wanda ya manne a sama kusa da 100, shi ne wanda ake zargi. Gwaji na biyu: rage girman hoton gem ɗin daga 1080p zuwa 720p. In gudu ya ƙaru sosai, katin hoto ne ya gaza. In babu abin da ya canza, laifin yana wajen furosesa ko RAM.

In RAM ne, ka yi sa'a, don ya fi sauƙin kuɗi. Shi GTA V da ya fito a kwamfuta a 2015, giga 4 ne mafi ƙarancin abin da yake buƙata, amma 8 masu shi suka ba da shawara. Sababbin gem kuwa 16 suke so. Ka duba irin wanda kwamfutarka ke ɗauka, don DDR4 ba ya shiga ramin DDR3 ko da tsiya. Kuma guda biyu masu giga 4 sun fi guda ɗaya mai giga 8 gudu, musamman in kwamfutar ba ta da katin hoto na daban, tunda a lokacin daga RAM take aron wurin zane.

In gem ɗin daɗewa yake kafin ya buɗe, amma da ya buɗe lafiya lau, faifai ne. Tsohon mai juyawa, HDD, yana karanta kamar mega 100 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kuma yana haura 500. Amma kar wani ɗan kasuwa ya yaudare ka, SSD ba ya ƙara FPS, jira kawai yake ragewa.

In katin hoto ne, a nan ake yin ta. A laftof manne yake da allon ciki, ba a cire shi, sai dai ka rage ingancin hoto ko ka fara tarin sayen wata. A destof ana canzawa, amma ka fara duba ƙarfin akwatin wutarta. Irin ƙananan Dell OptiPlex ɗin nan na ofis da ake kawowa na hannu wutarsu kaɗan ce, don haka kati irin GTX 1050 Ti ko GTX 1650 mai cin wat 75 ne daidai da su, shi ma siririn samfurin da zai shiga akwatin.

Furosesa shi ne na ƙarshe da zan ce ka taɓa. Sau da yawa canza shi na nufin canza allon ciki, wani lokacin har da RAM, kuɗin ya kusa na wata kwamfutar.

Kafin duk wannan, ga wanda kusan kyauta ne. In gem na farawa lafiya sai bayan minti ashirin ya soma ja, fanka na kuka, zafi ne. Furosesa na rage gudu da kansa in ya doshi digiri 100 don kar ya ƙone. Da zafin bazara da ƙurar hunturu irin tamu, wannan ba baƙon abu ba ne. Kai wa mai gyara ya busa ƙurar, ya sa sabon man sanyaya furosesa. Ka daina ɗora laftof a kan katifa, kuma ka jona caja in za ka buga, don a batir rage ƙarfi take yi.

Masu haɗa kiɗa a FL Studio ko yanka bidiyo, ku ma ku gwada hanyar nan, ku RAM da SSD za su fi yi muku rana. A yi gwaji tukuna, sannan a tafi kasuwa. Sai mun haɗu a na gaba.