Me Ya Sa Sai A Kan Sikeli Ake Cika Tukunyar Kashe Gobara Ta CO2?

A Anka da Gummi da Bukkuyum, shagon cajin waya kan tara wayoyin jama'a, ga janareta ga soket-soket. Idan wutar lantarki ta haddasa gobara a irin wannan wuri, watsa ruwa haɗari ne. Tukunyar iskar CO2, mai baƙin ƙaho a baki, ita ta dace, domin tana toshe wa wuta iska kuma ba ta barin gari a jikin na'ura. Sai dai ba ta da agogon da zai nuna ko a cike take.

Dalili yana cikin yadda ake cika ta. A masana'anta ana ajiye CO2 a matsayin ruwa cikin babban tanki, a sanyin kusan digiri 20 ƙasa da sifili. Ana ɗora tukunya a kan sikeli, a haɗa mata tiyo, famfo ya riƙa tura ruwan har nauyin ya kai adadin da aka saita, sannan bawul ya rufe.

A zafin digiri 20, matsin da ke cikin tukunyar ya fi na tayar mota sau 20. Muddin akwai sauran ruwa a ciki, matsin ba ya raguwa, ko da rabi ya tsiyaye. Saboda haka agogo ba zai faɗi gaskiya ba, nauyi ne kawai shaida.

Ba a kuma cika ta maƙil. Da zafi ya wuce digiri 31, CO2 ba ya zama ruwa, matsinsa sai ya yi ta hauhawa. A watan Afrilu zafin Zamfara kan haura digiri 40, inda matsin kan kusan ninkawa. Tukunyar da aka cika fiye da kima, ko aka bari a rana, na iya fasa murfin kariyarta ta zubar da iskar duka.

Mai shago ya duba nauyin da aka rubuta a jikinta, ya auna ta aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan abin da ke ciki ya ragu da fiye da kashi 10 cikin 100, a kai ta wurin cikawa. Ya ajiye ta a inuwa kusa da ƙofa. Batirin waya da ya kama kuwa yakan sake tashi bayan an fesa masa, don haka a nisanta shi da sauran kaya.