3.4 Matakan Koyon Sana'ar Rini a Ƙasar Kano

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda marini yake samun ƙwarewa tun daga ƙuruciya har zuwa tsufa. Manufar ita ce a nuna cewa ilimin rini yana zaune ne a hannu da ido da hanci, kuma ana tara shi ne a hankali cikin shekaru masu yawa. An ɗauki ƙasar Kano a matsayin misali saboda daɗewar sana'ar a cikinta. Ana danganta kafa marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Haka kuma Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana rinannun tufafi a matsayin ƙashin bayan kasuwancin birnin.

3.4.1 Matakin Kallo da Aike

Rini sana'a ce ta gado, don haka yaro yakan fara bin mahaifinsa ko wansa zuwa karofi tun yana ƙarami. A wannan mataki ba a ba shi kayan mutane. Aikinsa shi ne ɗebo ruwa da kawo toka da shanya tufafin da aka rina, da kwashe su idan sun bushe. Ba a zaunar da shi a yi masa darasi. Yana kallo ne yana kwaikwayo, idan ya yi kuskure a tsawata masa. Bahaushe na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3.4.2 Matakin Sa Hannu

Idan yaro ya tasa, sai a fara ba shi ƙananan ƙyallaye ya tsoma. A nan ne yake gane wani muhimmin abu, wato zane yakan fito daga rijiyar rini da launin kore, sai ya sha iska kafin ya koma shuɗi. Saboda haka duhun launi ya dogara ne ga yawan tsomawa da fitarwa. Wanda ya yi gaggawa, ko ya bar zanen a dunƙule, zai fitar da shi dabbare-dabbare. Irin wannan kuskure yana da tsada, domin kayan na mai shi ne, kuma maigidan ne zai ɗauki asarar tare da zubewar mutunci.

3.4.3 Matakin Haɗa Ruwan Rini

Wannan shi ne matakin da ke raba marini da ɗan aiki. Ana zuba baba da toka da ruwa a rijiya, a riƙa motsawa da doguwar sanda na tsawon kwanaki har haɗin ya nuna. Abin da ke faruwa shi ne, launin da ke cikin baba ba ya narkewa a ruwa kai tsaye. Sai toka ta ba ruwan ƙarfi, ƙananan halittun da ido ba ya gani kuma sun cinye iskar da ke cikinsa, sannan launin ya narke ya iya kama zare. Marini ba ya amfani da na'urar awo. Yana duba kumfar da ta taso da ƙyallin saman ruwan, ya shinshina, ya murza ruwan tsakanin yatsunsa. Bugu da ƙari, haɗin yakan yi saurin nuna lokacin bazara, ya yi nawa lokacin hunturu. Mutum ba zai iya riƙe wannan bambanci ba sai ya ga shekaru da dama sun zagayo.

3.4.4 Matakin Dattako

Dattijon marini ya san yadda ake farfaɗo da rijiyar da ta raunana, da lokacin da ya kamata a yashe ta. Ya san yadda ake kwashe katsi, wato laka da ke kwanciya a ƙasan rijiya, a ƙona shi a haɗa laso don shafe rijiya kada ta yi yoyo. Ya kuma san irin duhun da masu bugu ke buƙata don fitar da sheƙin turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda Buzaye suka daɗe suna saye. Ko da ƙarfinsa ya ragu, shi ake kira idan ruwa ya ƙi kamawa.

3.4.5 Matsalar da ke Fuskantar Wannan Tsari

Tun daga 1897, lokacin da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin da aka haɗa a masana'anta, rinin baba ya sami abokin hamayya mai arha. Rinin galura a tukunya ko baho ana iya koyonsa cikin ɗan lokaci, a kuma sami kuɗi da shi. Sakamakon haka matashi yana iya tsayawa a mataki na biyu, ba tare da ya taɓa haɗa rijiya da hannunsa ba. Tun da yake matakai biyu na ƙarshe ba a rubuce suke ba, duk dattijon da ya rasu bai bar wanda ya kai matsayinsa ba, iliminsa ya tafi tare da shi. Wannan ne ya sa aka ware sashe na gaba don tattara kalmomin da marina ke amfani da su wajen siffanta yanayin ruwan rini.