Abinci a manyan azuzuwan jirgin sama

Abinci a manyan azuzuwan jirgin sama shi ne abinci da abin sha da kamfanonin jiragen sama ke bai wa fasinjojin da suka yanki tikiti mai tsada, wato na ajin farko da ake kira fas-kilas, da na ajin 'yan kasuwa da ake kira bizines-kilas. Ya bambanta da na ajin gama-gari ta fuska uku: ingancin kayan girki, yawan zaɓi, da yadda ake gabatar da shi. Sai dai komai tsadar kujera, kusan duk abincin a ƙasa ake dafa shi, a sanyaya shi, sannan a ɗumama shi a sararin sama, inda harshe da hancin ɗan Adam ba sa aiki yadda suka saba. Saboda haka yawancin aikin inganta shi ƙoƙari ne na cike giɓin da yanayin cikin jirgi ke haifarwa.

Tarihi

An fara raba abinci a jirgin fasinja ne ranar 11 ga Oktoba, 1919, a jirgin kamfanin Handley Page Transport da ke tashi daga Landan zuwa Brussels. Abinci ne mai sanyi a cikin kwali, ana sayar da shi sule uku. A shekarar 1936 kamfanin United Airlines ya buɗe kicin na musamman domin jiragensa a birnin Oakland na Amurka.

A shekarun 1950 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ita ke tsayar da kuɗin tikitin ƙasa da ƙasa. Tun da ba a iya gasa ta farashi, sai kamfanoni suka koma gasa ta hidima, musamman abinci. Pan Am ya ƙulla yarjejeniya da gidan abinci na Maxim's da ke Paris, kuma a ajin farko na kamfanoni da dama akan turo gasasshen naman sa a kan keken abinci, a yanka wa fasinja a gabansa.

A shekarar 1958 aka ɓullo da ajin gama-gari a jiragen da ke ƙetare Tekun Atalantika, da sharaɗin cewa burodi mai haɗi a tsakiya kaɗai za a riƙa bayarwa a cikinsa. Kamfanin SAS na ƙasashen Sikandinebiya ya riƙa ba da irin na gargajiyar yankinsa, wanda ake jibga nama da kifi a kan yankan burodi guda, lamarin da ya sa kamfanonin Amurka suka kai ƙara gaban IATA. Wannan taƙaddama ta nuna cewa tun a lokacin abinci ne babbar iyaka tsakanin aji da aji.

Ajin 'yan kasuwa ya bayyana a ƙarshen shekarun 1970, kuma Qantas na Ostireliya, wanda ya fara nasa a 1979, yana cikin na farko-farko. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ƙasashe da dama sun hana wuƙaƙen ƙarfe a cikin jirgi na wasu shekaru, har fasinjojin ajin farko suka riƙa yanka nama da wuƙar roba.

Tasirin yanayin jirgi ga ɗanɗano

Abubuwa uku ne ke sauya yadda mutum ke jin ɗanɗano a cikin jirgi. Na farko matsin iska. Ko da jirgi ya yi nisa a sama, ana daidaita iskar cikinsa ta zama kamar ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Na biyu bushewar iska, domin danshinta kan kasance ƙasa da kashi 20 cikin 100. Wannan yana busar da cikin hanci, alhali mafi yawan abin da ake kira daɗin abinci ta hanyar ƙamshi ake jin sa. Shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin girki. Na uku ƙarar inji da ta iska.

A shekarar 2010 cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ta gudanar da gwaji domin kamfanin Lufthansa, a cikin gangar jikin jirgi da ake iya rage wa matsin iska. An gano cewa jin gishiri yana raguwa da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, na zaƙi kuma da kashi 15 zuwa 20, amma tsami da ɗaci da yaji ba su cika sauyawa ba. A 2015 Kimberly Yan da Robin Dando na Jami'ar Cornell sun wallafa bincike da ya nuna cewa ƙara mai ƙarfin desibel 85, irin ta cikin jirgi, tana rage jin zaƙi, tana kuma ƙara jin ɗanɗanon da Japanawa ke kira umami. Umami shi ne irin garɗin da daddawa da romon nama da tumatir ke sa wa miya. Ana danganta yawan shan ruwan tumatir a jirgi da wannan dalili.

Ƙarin gishiri shi ne hanya mafi sauƙi ta magance matsalar, amma yana jawo ƙishirwa. Don haka masu tsara abincin manyan azuzuwa sun fi karkata ga kayan ƙamshi, lemon tsami, citta, naman kaza, tumatir da romon da aka daɗe ana dafawa. Ƙarancin matsin iska yana shafar shayi da kofi ma, domin a tsayin mita 2,400 ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 92 na ma'aunin Salshiyos maimakon 100.

Yadda ake shirya abincin

Ana dafa abincin a manyan kicin da ke kusa da filayen jirgin sama. Daga cikin kamfanonin da suka shahara a wannan sana'a akwai Gate Gourmet, LSG Sky Chefs, DO & CO na Ostiriya, SATS na Singapore, dnata na Dubai da Newrest na Faransa. Wasu kamfanonin jirage suna da nasu, kamar Emirates Flight Catering da ke Dubai.

Bayan an dafa, ana sanyaya abincin cikin gaggawa zuwa ƙasa da digiri 5 don kada ƙwayoyin cuta su hayayyafa. Nama da kifi ba a kai su ƙarshen nuna, saboda za su ƙarasa a obin ɗin jirgi. Daga nan a jera komai a kekunan abinci, a ɗora su a mota mai ɗaga akwatinta sama har ƙofar jirgi. A cikin jirgin ba a kunna wuta. Ƙaramin kicin ɗinsa yana da obin mai hura iska mai zafi ko mai tururi, kuma ɗumamawa kan ɗauki minti 20 zuwa 30.

Wannan tsari ne ke tantance irin girkin da zai yi daɗi a sama. Abinci mai romo, kamar farfesu da miyar kori da naman da ya daɗe a tukunya, yana jure ɗumame. Soyayyen dankali da duk wani abu mai ƙaras-ƙaras kuwa laushi yake yi, tsokar naman da aka gasa tana saurin bushewa, ƙwai kuma ya yi tauri. Don rage wannan matsala, Cathay Pacific na Hong Kong ya sa tukunyar dafa shinkafa ta lantarki da na'urar gasa burodi da kaskon soya ƙwai a kicin ɗin ajin farko. Singapore Airlines kuma yana ɗanɗana sababbin girke-girkensa a wani ɗaki na SATS da ake rage wa matsin iska ya zama kamar na cikin jirgi.

Gabatarwa

A ajin gama-gari komai yana zuwa lokaci guda a kan tire ɗaya, a cikin mazubin roba ko na alminiyam. A manyan azuzuwa kuwa ana bin tsarin gidan abinci. Akan tarbi fasinja da abin sha da ɗan tawul mai ɗumi, a ba shi takardar jerin abinci. Idan lokacin ci ya yi, a shimfiɗa ƙyalle a teburinsa, a jera cokula da wuƙaƙen ƙarfe da kofunan gilashi, sannan a riƙa kawo abinci kashi-kashi: abin buɗe ciki, romo ko salak, babban abinci, cuku da 'ya'yan itace, sai kayan zaƙi da shayi.

Babban bambanci tsakanin kamfanoni shi ne inda ake zuba abincin a faranti. Wasu tun daga kicin ɗin ƙasa ake zubawa a farantin tangaran, a ɗumama shi haka nan. Wannan ya fi sauri, amma miya kan ƙone a gefen farantin, kayan lambu su yanƙwane. Wasu kuma suna ɗumama nama daban, shinkafa daban, miya daban, sannan ma'aikacin jirgi ya haɗa su a faranti mai ɗumi yana bin hoton da aka ba shi. Hanya ta biyu ta fi kyan gani, amma tana buƙatar horo da lokaci da ƙarin ma'aikata.

Kwanukan kansu ma suna cikin abin da ake tallatawa. Emirates yana amfani da tangaran na Royal Doulton da cokulan Robert Welch. Air France kuma a ajinsa na La Première yana amfani da tangaran na Bernardaud da cokulan Christofle.

Salon wasu kamfanoni

Singapore Airlines ya kafa kwamitin fitattun masu dafa abinci na duniya a 1998, yana kuma da tsarin Book the Cook, inda fasinja ke zaɓar babban abincinsa tun kafin ranar tafiya. Qantas ya fara aiki da kuku Neil Perry a 1997. Turkish Airlines yana ɗaukar kuku sanye da fararen kayan aiki a dogayen tafiye-tafiyensa, wanda ke kula da ɗumamawa da zuba abinci. Qatar Airways yana barin fasinjan ajin 'yan kasuwa ya ci abin da yake so a lokacin da yake so, maimakon jiran lokacin rabo. Ƙwan kifi mai tsada da ake kira caviar ya zama alamar ajin farko a Lufthansa da Emirates da Singapore Airlines.

Kamfanoni da dama suna amfani da abinci wajen nuna al'adar ƙasarsu. ANA da Japan Airlines suna ba da jerin ƙananan girke-girken Japan a cikin kwanuka daban-daban. Ethiopian Airlines yana ba da injera da miyar Habasha a ajinsa na Cloud Nine. Kamfanonin yankin Larabawa kuma sukan tarbi fasinja da gahawa da dabino. Kamfanin Skytrax na Birtaniya, mai ba da lambobin yabo ga kamfanonin jirage kowace shekara, yana da rukuni na musamman domin abincin ajin farko da na 'yan kasuwa.

Halal da abinci na musamman

Ana rarrabe abinci na musamman da lambobi masu haruffa huɗu. MOML na Musulmi ne, KSML na Yahudawa, HNML na mabiya addinin Hindu, VGML na waɗanda ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, DBML kuma na masu ciwon sukari. Yawanci sai an nema sa'o'i 24 zuwa 48 kafin tashi.

Emirates, Qatar Airways, Etihad, Turkish Airlines da Saudia suna shirya duk abincinsu bisa ƙa'idar halal. Saudia da Kuwait Airways ba sa ba da barasa ko kaɗan. A kamfanonin Turai da Amurka kuwa, baya ga batun yanka da naman alade, ana iya samun barasa a cikin wasu miyoyi da kayan zaƙi, domin haka salon girkin yankin yake. Abincin da aka nema na musamman sau da yawa yana zuwa a haɗe tun daga ƙasa, don haka mai shi ba ya samun yawan zaɓin da sauran fasinjojin ajin ke samu. Na Yahudawa ma a rufe yake zuwa da hatimi, fasinjan ne ke buɗewa da kansa.

Tsafta da lafiya

Saboda abincin yana ɗaukar sa'o'i tsakanin tukunya da baki, kuskure kaɗan yana iya shafar mutane da yawa a wurin da babu asibiti. A watan Fabrairun 1975 mutum 197 sun kamu da ciwon ciki a wani jirgin Japan Airlines da ya tsaya a Anchorage ya nufi Copenhagen, bayan cin wainar ƙwai da nama da ƙwayar cutar staphylococcus ta gurɓata. A yau kicin ɗin jirage suna bin tsarin kula da tsaftar abinci na HACCP, kuma kamfanoni da yawa suna umartar matuƙin jirgi da mataimakinsa su ci abinci daban-daban, don kada guba ta kama su tare.

Suka da ƙalubale

Kujerun manyan azuzuwa kaɗan ne, amma suna kawo kaso mai tsoka na kuɗin shiga a dogayen tafiye-tafiye, shi ya sa ake kashe kuɗi a kan abincinsu. Duk da haka fasinjoji kan koka cewa abin da ke cikin faranti bai kai hoton talla ba. Sunan shahararren kuku a takardar abinci yana nufin shi ya tsara girkin, ba shi ya dafa ba. Ingancin ma yakan bambanta tsakanin tafiya da dawowa, domin kicin ɗin wani gari ne ke shirya abincin dawowa.

Akwai kuma matsalar asara. Don kowa ya samu zaɓinsa, akan ɗora abincin da ya zarce yawan fasinjoji, kuma dokokin Tarayyar Turai da na ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya suna tilasta a lalata ragowar abincin jiragen da suka zo daga ƙetare, domin kare dabbobi da amfanin gona daga cututtuka. Tangaran da gilashi suna ƙara wa jirgi nauyi, nauyi kuma yana ƙara shan mai. Zaɓen abinci tun kafin tafiya yana cikin hanyoyin da ake rage wannan asara.

A lokacin annobar COVID-19 a 2020, kamfanoni da yawa sun dakatar da kawo abinci kashi-kashi, suka koma ba da shi a rufe a tire ɗaya ko a kwali. A watan Oktoba na shekarar, Singapore Airlines ya mayar da jiragensa samfurin Airbus A380 da ke ajiye a filin jirgin Changi wurin cin abinci na ɗan lokaci, inda mutane suka biya kuɗi suka ci abincin jirgi ba tare da an tashi ba. Bayan annobar ta lafa, yawancin kamfanoni sun dawo da cikakkiyar hidimarsu a hankali.