Yadda ake gane tsohon faifan garmaho mai daraja

Kafin kaset ya mamaye kasuwa, a faifan garmaho ake sauraron waƙa, kuma ba mamaki wasu na nan jibge a adakar tsofaffi a Anka, Gummi ko Bukkuyum. Tun da kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin mawaƙin Najeriya William Onyeabor a 2013, masu tara faifai a ƙetare suka ƙara zura wa na Najeriya ido.

Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Ƙarancin faifan ake fara dubawa, da ko bugun farko ne; lambar da ke takardar tsakiya kan taimaka wajen ganewa. Faifan Mamman Shata na kamfanin EMI da ke cikin kwalinsa na asali ya fi tsiraransa kuɗi nesa. Daga nan sai lafiyarsa. Karce na sa allura tsalle, zafin ɗakin kwano kuwa na lanƙwasa faifai har ya tashi aiki.

Wanda ya tsinci nasa ya goge ƙura, ya jera a tsaye cikin inuwa, ya duba farashi a shafin intanet na Discogs kafin dillali ya taya.