Wa Ke Sauraren Ɗan Sizyam a Ɗan Kassari?

Duk watan Oktoba, daidai lokacin da ake ɗaure dammunan hatsi a gonakin Arewa, yankin Dogon Dutsi, makarantun boko na Nijar ke buɗe ƙofa. A ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, kan babbar hanyar da ta tashi daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, a wannan watan ne yara ƴan shekara 12 ko 13 ke barin ɗakin uwarsu karo na farko. Sun gama shekara 6 ta firamare, daga CI zuwa CM2, an tura su kwaleji. Kwaleji kuwa ba kowane ƙauye ke da ita ba. Wanda garinsu ya yi nisa sai a nema masa mai masauki, a ɗora masa ƙullin kaya da ɗan hatsi, a yi masa addu'a.

Abin da ke jiransa ba ƙarami ba ne. A firamare mushe, wato malami, ɗaya ne, ya san sunan yaro, ya san ubansa. A sizyam, ajin farko na kwaleji, malamai ne birjik, kowa ya yi awarsa ya fita, komai da Faransanci, ga Ingilishi ya shigo sabo fil. A masauki yarinya kan ɗebo ruwa ta yi daka kafin ta ɗauki littafi. Idan hatsin da aka aiko ya ƙare kafin ranar kasuwa, da yunwa za a shiga aji, kuma ɗan baƙo ba ya buɗe baki ya ce bai ƙoshi ba. Daga nan sai fashin Litinin, sai maki ya faɗi ƙasa da 10 cikin 20, sai maimaita aji ko kora. Namiji ya bi ƴan cin rani zuwa Najeriya, mace a fara zancen aurenta. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18.

Irin wannan gargada ce aikin jagoranci da ba da shawara a makaranta ke tarewa. Aikin ya samo asali a Amurka, inda Frank Parsons ya buɗe ofishin shawara kan zaɓen sana'a a birnin Boston a 1908. A Najeriya ana danganta farkonsa da kwalejin ƴan mata ta St Theresa a Ibadan a 1959, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ba shi gurbi. A Nijar, idan aka yi zancen jagorantar ɗalibi, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne rabon da ake yi bayan jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji: wane ya tafi lise, wane makarantar fasaha. Rabon yana da amfani, amma ga yaron da ya zube tun a sizyam ya zo a makare da shekara 3.

Sai dai ƙauyukan Arewa ba su rasa masu yin aikin ba, sunan ne ba a ba su ba. Akwai kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES, wanda shirin Makaranta Domin Kowa na hukumar JICA ta Japan ya fara ƙarfafawa a jihar Tawa a 2004. Akwai ƙungiyar uwaye mata masu tarbiyya, AME, waɗanda ke iya shiga har ƙuryar ɗaki su tambayi dalilin da ya hana wance zuwa lakwal. A Ɗan Kassari akwai kuma Tarbiyya Tatali, haɗin gwiwar ƙungiyar RAEDD ta Nijar da abokan aikinta na Faransa, cikinsu har da mutanen garin Cesson-Sévigné, masu aiki kan ruwan sha, karatun manyan mata da riƙe ƴan mata a makaranta. Doka ma tana bayansu: a watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dabarun zama da yaro.

Dabara ta farko saurare ce, kuma ita ce mafi wuya ga babba. Masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya gina hanyarsa a kan cewa mutum ba ya buɗe cikinsa sai ya tabbata ba za a yanke masa hukunci ba. Ɗan Hausa kuwa an hore shi da kunya: ba ya kallon babba cikin ido, ba ya mayar da magana. Malamin da ya ɗauki sunkuyar da kai a matsayin taurin kai ya rufe ƙofa tun bai taɓa ta ba. Idan ya ce, "Don me ba ka zo jiya ba?" amsar ɗaya ce: "Mushe, ba ni da lafiya." Idan ya ja yaron gefe, a inuwar bedi inda kowa ke hangen su amma ba mai jin su, ya ajiye Faransanci ya ce da Hausa, "Ɗana, yaya zaman gidan da kake? Me kuka ci da safe?" sannan ya yi shiru ya jira, to a cikin shirun nan gaskiya ke fitowa. Yarinya kuma gara mace ta zauna da ita, madam ko ɗaya daga uwayen AME, domin akwai zancen da ba za ta taɓa yi da namiji ba, kamar na al'ada, wanda shi kaɗai kan sa ta yi fashin kwanaki duk wata a makarantar da ba ta da makewayi mai kyau.

Sai riƙon asiri. Abin da yaro ya faɗa ba na hirar ɗakin malamai ba ne. Amma a gaya masa iyakar tun farko: idan ana dukansa, ko wani babba na neman yarinya da lalata, ko za a cire ta don aure, dole maganar ta kai ga darakta da waɗanda za su iya tsayawa.

Littafin kiran suna ma kayan aiki ne. Fashi uku a jere ya isa a aika gidan mai masauki, ba sai an jira takardar sakamako ba. Ana iya haɗa kowane sabon shiga da yaya daga aji na sama, ɗan ƙauyensu in da hali.

Yaro yana kuma buƙatar ya ga inda hanyar ta nufa. Da yawa ba su san akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin fasaha na CET ba, ko makarantar horon malamai ta Dosso, ko jami'ar Dosso da aka kafa a 2014. Ungozoma ko ma'aikacin gona ɗan yankin da zai tsaya gaban aji ya ba da labarin yadda ya kai, ya fi dogon wa'azi shiga kunne. Ƴan matan Ɗan Kassari kuwa ba sai an kai su nesa neman abin koyi ba: Lugu, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, yana cikin ƙaramar hukumarsu.

Jiran ranar da kowace kwalejin karkara za ta sami ƙwararren mai ba da shawara zai cinye yara da yawa. Malaman firamare sun riga suna haɗuwa a zaman ƙara wa juna sani na CAPED, inda za a iya koyar da waɗannan dabaru ba tare da wani babban kuɗi ba. Kuma malamin CM2, wanda ya fi kowa sanin yaran, zai iya rubuta wa kwaleji layi biyu a kan kowane ɗaya kafin Oktoba: wannan maraya ne, wannan ba ta gani sosai daga bayan aji, wannan gidan wane za ta sauka.