Wasiƙun Banza na Imel: Ina Doka Ta Kai da Masu Aika Su?

'Yan'uwa, duk mai adireshin imel ko waya a nan Kilomita Biyar ya san saƙon da ke faɗowa ba sallama: ka ci gasar da ba ka shiga ba, ko an ba ka gurbin karatu a waje, sai dai ka fara tura kuɗin rajista ta Orange Money. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu masu odar kaya daga Duwala suna cikin waɗanda ake hari.

Kafin doka, mu fahimci dalilin yawan abin. Tura wasiƙa miliyan ɗaya kusan kyauta ne ga mai turawa. In mutum goma suka faɗa tarko ya ci riba, sauran kuma an ci musu lokaci da kuɗin data.

Amurka ta yi dokarta mai suna CAN-SPAM a 2003. Ta hana mai aikawa ɓoye sunansa ko yin ƙarya a kan wasiƙar, ta wajabta masa sa adireshinsa na gaskiya, kuma in ka ce ya daina, ya daina cikin kwana 10 na aiki. A ganinmu rauninta a fili yake: ta bar shi ya fara aiko maka har sai ka hana. Tarayyar Turai tun 2002 ta ce sai an nemi yardarka tukuna, kuma wannan ya fi kusa da abin da muka sani na neman izini kafin a shiga gidan mutum.

An hukunta wasu kuwa. A 2009 kotu ta umarci Sanford Wallace ya biya Facebook dala miliyan 711, a 2016 kuma aka yanke masa ɗaurin wata 30. Jeremy Jaynes an yanke masa shekara 9 a jihar Bajiniya, amma a 2008 kotun ƙolin jihar ta rushe hukuncin, ta ce dokar ta taɓa 'yancin magana.

Najeriya ta fi kusa da mu. Sunan "419" lambar sashen dokar laifuka ce da ta hana cin dukiya ta hanyar yaudara. Hukumar EFCC, ƙarƙashin Nuhu Ribadu, ta kai Emmanuel Nwude kotu kan damfarar bankin Noroeste na Barazil dala miliyan 242, aka ɗaure shi a 2005. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan ɗaya ga mai watsa irin waɗannan saƙonni don dagula na'urorin mutane.

Matsalar da ta rage ita ce iyaka. Mai turawa yana wata ƙasa, na'urar da ya yi amfani da ita tana wata, wanda aka cuta yana Bangi, kuma alƙali ba ya hukunta wanda hannunsa bai kai gare shi ba. Kuɗin da ya fita ta waya da wuya ya dawo.

Don haka wanda saƙo ya zo wa kada ya amsa, ko da "a daina" ne, domin amsar tana nuna wa ɗan damfara cewa adireshin na da rai. Kada ya ba kowa lambar sirrinsa. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya ajiye saƙon da lambar da ya tura wa kuɗin, ya kai wa kamfanin wayarsa da 'yan sanda a ranar.