Agiye: Abin da ke sa faifan da aka buga a shago yake tsalle a waƙoƙin ƙarshe

A Agiye da Gazawa, kamar sauran garuruwan da ke kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram, waya da memori sun riga sun ƙwace kasuwar waƙa daga hannun faifai. Sai dai faifan CD bai mutu ba. Akwai direbobin da rediyon motarsu ba ta karɓar komai sai shi, akwai kuma gidajen da karatun wani malami da ya rasu, ko kiɗan bikin 'yarsu, yake kan faifai ɗaya tak, babu kwafi. Kukan masu irin waɗannan faya-fayan kusan ɗaya ne: faifan ya fara lafiya lau, da ya doshi ƙarshe sai ya kama tsalle, ko ya tsaya cik.

Akan ɗora wa na'urar laifi, alhali sau da yawa matsalar tun daga shagon mai bugawa ta taso.

Faifan kamfani da inji ake matsa shi. Faifan da ake saye babu komai a kai, wato CD-R, wani siririn rini ne a cikinsa, wanda hasken leza na kwamfuta yake ƙonawa ɗigo-ɗigo, kuma waɗannan ɗigogin na'ura ke karantawa. Lambar da ake gani a jikinsa, kamar 52x, saurin wannan ƙonawar take nufi. A saurin 1x, faifai mai cin minti 80 zai ɗauki minti 80 kafin ya cika. A 52x bai kai minti uku ba. Mai shagon da mutane ke tsaye a kansa ba zai zaɓi na farko ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Amma gaggawa tana sa ɗigogin su fito ba sarai ba, musamman idan rinin mai arha ne. CD daga tsakiya yake farawa ya nufi baki, kuma na'urar bugawa ba ta kai ƙarshen gudunta sai can wajen bakin. Shi ya sa waƙa ta ɗaya ke fita tas, ta goma sha biyar ta sarƙe. Sauri ba ya sauya muryar mawaƙi. Karatun ne yake yi wa tsohuwar rediyon mota wuya, ga gargada, ga ƙurar hunturu a idon na'urar. Faifan sauti kuma ba shi da ƙarin kariyar gyara kuskure irin ta faifan fayil, don haka inda ya kasa karantawa sai ya yi cike, in abin ya yi yawa ya tsallake.

Wasu na ganin mafita ita ce a koma 1x. Wannan ma kuskure ne, domin faya-fayan yanzu don sauri aka ƙera su. Tsakanin 8x da 16x ya fi zama lafiya, minti biyar zuwa goma ke nan.

Samun faifai mai kyau ya ƙara wuya. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda ya fito da CD-R a 1988, ya daina yin sa a 2015, kuma sunan da ke jikin kwali ba kullum yake nuna masana'antar da ta yi faifan ba. A guji CD-RW, mai gogewa a sake bugawa: hasken da yake mayarwa kaɗan ne, tsofaffin na'urori da yawa ba sa ganin sa.

Sai batun wuta. Lantarkin wannan yanki daga Najeriya yake shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. CD-R sau ɗaya ake rubuta shi, saboda haka idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugu, faifan ya tashi aiki. Wanda ke amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir ya tsira daga wannan.

Ko faifan ya bugu da kyau, rana abokiyar gabarsa ce. Rinin da leza ta ƙona, zafi da hasken rana ma suna cin sa a hankali, kuma gaban gilashin mota a watan Afrilu ba wurin ajiya ba ne. Ɓangaren sama, inda ake rubuta suna, shi ya fi rauni. Ƙarzuwa ɗaya da bakin biro a nan tana iya cinye waƙa.

Ga wanda ke Legas, Agadas ko Aljeriya, kuma muryar wani nasa tana kan irin wannan faifai a gida, abin da ya kamata ya roƙa shi ne a kai shi shago tun yana karantuwa, a kwashe sautin a zuba a memori, a turo masa kwafi ta WhatsApp.